Me Kuka Ci Cikin Kwana Bakwai?

Yau zancen tukunya za mu yi, amma ba na koyon girki ba. Wataƙila waɗansunku, musamman na karkara da na sansanonin gudun hijira, kun taɓa ganin baƙi sun yi sallama a ƙofar gida, mai unguwa na gaba, su kuma suna biye da 'yar na'ura a hannu, da sikeli, da allon auna tsawon yara. Ba su zo da hatsi ba, ba su zo da allura ba. Tambaya ce kawai ta kawo su: cikin kwana bakwai da suka wuce, kwana nawa aka ci tuwo a gidan nan, kwana nawa aka ci wake, kwana nawa aka sha nono? Mace ta kan ji abin banbaraƙwai. Ina ruwan baƙo da abin da ke cikin tukunyata? Wata tsohuwar ma sai ta ɗauka ƙidayar haraji ce ta dawo da sabon salo.

To, waɗannan su ne masu auna yunwa. Aikinsu shi ne su gano inda abinci ya fara ƙaranci, da yawan mutanen da abin ya shafa, da watan da zai fi tsanani, tun ba a kai ga haƙa kaburbura ba. Amsar da uwargida ta bayar a tsakar gidanta ita ake haɗawa da ta dubban mata, har ta zama adadin nan da mu kan ji a rediyo. Da wannan adadi kuwa hukumomin agaji ke yanke shawarar garin da motar hatsi za ta tsaya da wanda za ta wuce.

Yunwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu har suna suka riƙa raɗa mata, kamar Kakalaba ta 1914 da 'Yar Gusau ta 1942. Sai dai sunan ya kan zo ne bayan ta gama ɓarnarta. Babban farin nan da ya tsananta a 1973, wanda ya ƙarar da shanu ya kori mutane daga garuruwansu, shi ya sa aka fara tunanin a riga ta shiri. A watan Satumba na wannan shekara ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari mai suna CILSS, da hedkwata a Wagadugu. A 1974 aka buɗe cibiyarta ta AGRHYMET a Yamai, inda ake bin lissafin ruwan sama da amfanin gona. Bayan yunwar ƙasar Habasha kuma, a 1985, Amurka ta kafa tata hukumar gargaɗi wadda aka sani da FEWS NET.

Da fari idon waɗannan hukumomi ya fi karkata ga sama da gona. Tauraron ɗan Adam na ɗaukar hoton ƙasa, a duba inda ta yi kore da inda ta ƙone. Ana auna ruwan da ya sauka, da kaka kuma a ƙiyasta abin da aka girbe. Sa'an nan akwai ma'aikatan da ke zaga kasuwanni irin su Dawanau ta Kano da Jibiya da Maraɗi, suna rubuta kuɗin gero da dawa da masara. Har kuɗin akuya su kan rubuta, domin in wuya ta yi wuya ita ake fara ja zuwa kasuwa. Idan kowa ya fito da tasa rana ɗaya sai ta faɗi warwas, gero kuwa na hawa. Akuyar da bara ta sayi buhu, bana ta kasa sayen rabinsa, wannan ya fi kowane hoto nuna halin da gari ke ciki.

Amma duk wannan bai isa ba, abin da ya faru a Jamhuriyar Nijar a 2005 shi ya nuna haka. A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri a waɗansu sassa, fara kuma ta sauka. Da aka haɗa lissafin hatsin ƙasar baki ɗaya, abin da ya ragu a kan wanda aka saba samu wajen kashi ɗaya ne cikin goma, watau ba abin firgita ba ne ainun. Hankali kuma ya fi tafiya arewa inda ruwan ya fi yin gardama. Sai ga shi yaran da suka cika asibitoci daga kudu suka fito, daga jihohin Maraɗi da Damagaram, inda ake noman da ke ciyar da ƙasar. Hatsi na nan a kasuwa, kuɗinsa ne ya gagari talaka, wanda ya sayar da nasa da arha tun da kaka don biyan bashi. A wannan shekara ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar. Tun a 1981 wani masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, ya nuna cewa mutane na iya mutuwa da yunwa alhali abinci na jibge a ƙasa. Mutanen Maraɗi sun ga haka da idonsu.

Akwai kuma abin da mu mata muka sani wanda takardar lissafi ba ta nunawa. A ƙauyuka da yawa, da an gama kaka maigida ya kan rufe babban rumbu, a ajiye shi don aikin damina, shi kuma ya tafi cin rani. Mace ce za ta riƙe kanta da 'ya'yanta da abin da ta samu a gayaunarta da 'yar sana'arta. Wanda ya ƙirga dammunan da ke cikin rumbu bai san abin da ya shiga cikin yaro ba. Don haka tilas a shiga cikin gida a tambayi mai tukunyar.

Bari mu warware tambayar nan ta kwana bakwai, don lissafi ne mai sauƙi, 'yar aji shida ma ta iya shi. Hukumar Abinci ta Duniya ta kasa abinci gida takwas, ta ba kowane gida maki gwargwadon amfaninsa a jiki. Hatsi da rogo da doya maki 2 ne. Wake da gyaɗa maki 3. Nama da kifi da ƙwai maki 4, nono da madara su ma 4. Ganye maki 1, 'ya'yan itatuwa 1. Mai da sukari rabin maki kowanne. Sai a ninka makin da yawan kwanakin da aka ci. Gidan da aka ci tuwo kullum ya sami 14. In da miyar ganye kullum, ƙarin 7, ya zama 21. Wannan 21 ita ce iyakar da ake cewa gida na cikin mummunan hali. Daga nan zuwa 35 yana bakin rami, sama da haka an sami dama-dama. Inda mutane suka saba cin mai da sukari kullum a kan ɗaga iyakokin zuwa 28 da 42. Yanzu ku ɗauki wannan gida, ku ƙara masa mai kullum, da wake kwana huɗu, da nono kwana uku. Uku da rabi, da 12, da 12, an tashi 48 da rabi ke nan. Kun ga ɗan wake da ludayin nono su ne suka fid da shi. Daddawa da ɗan garin kifin da aka barbaɗa don ƙamshi ba a ƙirga su, kada wata ta ji haushi in an tsallake su.

Bayan wannan akwai waɗansu tambayoyi biyar a kan dabarun da gida ke yi in abinci ya kasa. Asalinsu daga binciken da wani Ba'amurke, Daniel Maxwell, ya yi ne a birnin Kampala na Uganda cikin shekarun 1990. Kwana nawa kuka koma ga abinci mai arha wanda ba ku so? Kwana nawa kuka ranto, ko kuka nemi taimakon dangi? Kwana nawa aka rage malmala? Kwana nawa aka rage yawan ɗora tukunya? Kwana nawa manya suka haƙura don ƙanana su ci? Ta ƙarshen nan ita aka ba maki mafi nauyi, watau 3, rance 2, sauran ɗaya ɗaya. A takarda "manya" aka rubuta. Amma kowa ya san ko wace ce babbar da ke raba tuwo ta ce ita ta ƙoshi, sa'an nan ta jiƙa ƙanzo bayan yara sun yi barci.

A nan ne kunya ke shigowa ta ɓata lissafi. Bahaushiya ta gwammace ta ɗora tukunyar ruwa a murhu hayaƙi ya tashi, da maƙwabta su san ba a yi girki a gidanta ba. In kuwa maigida aka tambaya a zaure, zai ce ana cikin rufin asiri, kuma ba lalle ƙarya ya yi ba, don shi akushinsa ya zo masa yadda ya saba. Rufa wa miji asiri hali ne na kirki, ba mai musun wannan. Amma idan gida ɗari suka rufe, takarda za ta nuna garin lafiya lau yake, motar hatsi ta wuce. A ɗaya gefen kuma akwai masu ƙara gishiri, mai 'ya'ya huɗu ta ce tara, mai akuya ta ɓoye ta a maƙwabta, don zaton za a rubuta sunanta a rabo. Ya kamata a gane mai tambayar nan ba shi ne mai rabo ba, kuma ba rajistar karɓar kaya yake yi ba. Gidaje kaɗan ne ƙuri'a ta faɗa musu don su tsaya a madadin saura. Ni dai ban ga laifin matar da ta gaji ba. Akwai garuruwan da aka shiga aka fita da tambaya sau da yawa, ba a taɓa komowa an gaya musu ko abin da aka gano ba. Wannan ba daidai ba ne. Wanda ya cinye wa mace hantsi guda da tambaya, ko ba komai ta cancanci a dawo a faɗa mata sakamako.

Abin da ba ya jin kunya kuma ba ya ƙara gishiri shi ne dantsen yaro. Akwai wani ɗan tef mai launi uku da ake zagaya wa dantsen yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Daga santimita 12 da rabi zuwa sama kore ne. Ƙasa da haka zuwa 11 da rabi rawaya ne, tamowa ta fara. Ƙasa da 11 da rabi ja ne, ran yaro na cikin haɗari. A kan kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In wurin ya lotsa bai taso ba, wannan kumburi ne, ba ƙiba ba ce, shi ma tamowa ce mai tsanani.

To, wane ne ke riƙe da ragamar duk wannan? Kowace hukumar agaji na da shugaban bincike, namiji ko mace, kuma aikinsa ba na zama ofis kaɗai ba ne. Shi ke tsara tambayoyi, ya ga an juya su zuwa Hausa ko Barbarci ko Fillanci yadda ma'ana ba za ta ɓace ba. Ku dubi kalmar "gida" kawai. Gida ɗaya na iya ƙunsar magidanta uku da matansu, don haka masu bincike su kan ce gida shi ne waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya. Haka kalmar "abinci": wata in fura ko koko ta sha sai ta ce ba ta ci abinci ba, don a wurinta tuwo ne abinci. Shekarun yaro ma aiki ne, tun da ba kowa ke da takardar haihuwa ba. Sai an zauna da dattawan gari an jera abubuwan da kowa ke tunawa, a ce kafin Babbar Sallar bara aka haife shi ko bayanta, da shuka ko da girbi.

Shi ne kuma ke tabbatar da an zaɓi garuruwa ta hanyar ƙuri'a, ba don sauƙin hanya ba. Mai sayen gero da wayo ba ta yarda da na saman buhu, sai ta zura hannu can ƙasa. Garuruwan bakin kwalta su ne saman buhu. Kowane dare kuma sai ya duba aikin yaransa. Idan awon ma'aikaci ɗaya kullum da sifiri ko biyar yake ƙarewa, ko ya gama tambayar minti arba'in cikin minti goma, to, a gindin bishiya ya zauna ya cike. Duk malamar da ta taɓa duba takardun jarrabawa ta san yadda ake gane wanda ya kwafa. Yanzu har ta waya ake yin tambayoyin nan, abin da sauri da arha, sai dai wayar na aljihun maigida, mafi talaucin gidaje kuma ba su da ita sam.

Da an tattara kome sai a zauna taro. Akwai ma'auni mai hawa biyar da aka fara amfani da shi a Somaliya a 2004, ana kiransa IPC. Namu na Afirka ta Yamma, mai sunan Faransanci Cadre Harmonisé, hawansa ɗaya da shi. Hawa na ɗaya lafiya lau, na biyu an fara matsuwa, na uku an fara tsallake abinci ko sayar da abin sana'a, na huɗu gaggawa, na biyar bala'i. A Nijeriya an fara wannan zama a 2015, a ƙarƙashin Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji. Sau biyu ake yinsa a shekara, bayan kaka da kuma wajen watan Maris, a bi jiha jiha, yanki yanki, ana gardama har a daidaita. Zaman ƙarshen 2024 ya ƙiyasta mutum sama da miliyan 33 za su kasance a hawa na uku ko sama a daminar 2025. Da aka sake zama a Maris 2025 sai adadin ya sauko zuwa miliyan 30 da 'yan kai.

Kalmar yunwa, da ma'anarta ta hukuma, ba a furta ta sai abu uku sun haɗu: gida ɗaya cikin biyar ba shi da abin ci ko kaɗan, yara 30 cikin 100 na da tamowa, kuma mutum 2 cikin 10,000 na mutuwa kowace rana. Watau a garin mutum dubu goma, gawa 60 a wata. Kun ga kafin a kai ga faɗar kalmar an riga an makara. A Somaliya an fara gargaɗi tun 2010, amma kuɗin agaji bai taso sosai ba sai da aka yi shelar yunwa ran 20 ga Yuli 2011. Binciken da aka yi daga baya ya nuna mutum wajen 258,000 suka mutu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma wajen rabin mamatan sun riga shelar tafiya. A nan gida ma, sai a Disamba 2016 FEWS NET ta ce ga alama an yi yunwa a Bama ta jihar Borno cikin wannan shekara. An gano ne bayan ta wuce, don rikicin Boko Haram ya hana masu awo shiga.

Hukuma kuwa ba ta son a ce da yunwa a ƙasarta, kamar dai maigidan nan na zaure. A 2005 shugaban Nijar na lokacin, Mamadou Tandja, ya musa cewa ana yunwa. A Agusta 2024 an tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam na Darfur, a Disamba kuma gwamnatin Sudan ta janye daga aikin awon. Shugaban bincike na tsakanin wuta biyu. In ya faɗi adadi babba a ce yana neman kuɗi ne, in ya faɗi ƙarami a rage hatsi. Ba shi da mafaka sai ya iya nuna yadda ya samo kowane adadi. Awon ma da kansa kuɗi yake ci. A Janairu 2025 FEWS NET ta tsaya cik sa'ad da Amurka ta dakatar da agajinta na ƙasashen waje, sai bayan watanni ta koma aiki. A wannan shekara dai Likitoci Na-gari Na-kowa suka ba da labarin yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinsu na jihar Katsina cikin wata shida na farko.

'Yan makaranta, ga inda zancen ya shafe ku. Gidan da aka rubuta "ba shiga", namiji iyakarsa zaure, kome digirinsa. Mace ce za ta shiga har gindin murhu, ta zauna a tabarma, ta ga ko ruwa ne a tukunyar. Mace kuma ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta. Saboda haka ana bukatar mata a aikin nan, ba a masu yawo gida gida kaɗai ba, har a kujerar wanda ke tsara tambaya da wanda ke yanke adadi. Hanyar kuwa ta lissafi ce, da kimiyya, da aikin gona, da kiwon lafiya, da iya rubutu mai tsabta. Ana koyar da irin wannan ilmi a Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero ta Kano, makarantun koyon aikin lafiya kuma na koyar da awon yara. Yarinyar da ke gudun darasin kashi bisa ɗari ta sake tunani.

Matan aure ma ba a bar su a baya ba. A 2013 da 2014, a gundumar Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyar ALIMA da takwararta ta Nijar mai suna BEFEN sun koya wa mata kusan dubu 13 na yankin Dogo yadda ake auna dantse, aka bar yankin Takiyeta a hannun ma'aikatan lafiya na ƙauye don a gwada. Yawancin matan nan ba su yi boko ba, launi kawai suke dubawa. Sai aka tarar awonsu bai kasa na ma'aikata ba, 'ya'yansu sun fi isowa asibiti da wuri, kuma waɗanda sai an kwantar da su sun fi kaɗan. Daga nan dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa, har da Nijeriya.

Wadda ke so ta tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ko wajen masu awon yara, ko suna ba da tef ɗin. A saki hannun yaro ya sauka, a zagaya tef a tsakiyar dantse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, kada a matse kada kuma a bar shi sako-sako. A riƙa yi a kai a kai, musamman daga bazara zuwa fitar sabon gero, da kuma duk lokacin da yaro ya tashi daga gudawa ko ƙyanda ko zazzaɓi. In rawaya ta fito a kai shi awo cikin makon. In ja ne, ko ƙafa ta lotsa, a sanar da maigida a tafi asibiti a ranar.